Gwajin HIV: Dalilin da ya sa sakamakon "babu" ke buƙatar lissafin kwanaki

Gada Biyu na daga cikin mahaɗun da suka fi cunkoso a Jos ta Arewa. A nan hanyar Rukuba ta rabu, a nan mutanen Kabong da maƙwabtansu ke hawa mota, kuma daga nan mai neman gwajin ƙwayar cutar HIV ba ya yin doguwar tafiya. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai Faith Alive, akwai cibiyar APIN ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ban da ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu. Ana soka yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu na nufin sai an sake gwadawa da wani tsinken domin tabbatarwa. Layi ɗaya na nufin babu.

Wannan "babu" gaskiya ce ga mafi yawan waɗanda aka gwada. Amma tana da iyaka, kuma iyakar ta kwanaki ce. Mutum zai iya ɗauke da ƙwayar cutar a jininsa, har ma yana cikin lokacin da ya fi saurin yaɗa ta, tsinken ya nuna layi ɗaya, ba tare da tsinken ya lalace ko ma'aikacin ya yi kuskure ba. An taɓa auna girman wannan matsala a Jos kanta, kuma abin da aka samu ya isa ya kwantar da hankali ta wata fuska, ya kuma sa a yi hattara ta wata.

Abin da tsinken yake nema

Gwajin nan-take da aka saba yi a asibitoci ba ya ganin ƙwayar cutar. Abin da yake nema shi ne sinadaran kariya da garkuwar jiki ke ƙerawa domin yaƙar ta. Kamar maƙwabci ne da ba ya ganin ɓarawo, sai dai ya ji ihun masu gida. Idan ɓarawon ya riga ya haura katanga amma masu gida ba su farka ba, maƙwabcin zai rantse cewa lafiya lau ake.

Jiki kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya farka. A kwanaki kamar 10 na farko bayan kamuwa, ƙwayar na hayayyafa a wurin da ta shiga da kuma cikin kaluluwa, kuma babu wani gwaji a duniya da zai iya gano ta a jini. Daga nan sai ta ɓarke ta cika jini. Abu na farko da ake iya kamawa shi ne ƙwayar halittar cutar kanta, ta hanyar gwajin PCR da ire-irensa. Bayan wasu kwanaki sai wani furotin na jikinta mai suna p24 ya bayyana. Sinadaran kariya su ne na ƙarshe wajen fitowa.

Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta tsara lissafin kamar haka. Gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar yakan gano ta tsakanin kwana 10 zuwa 33 bayan kamuwa. Gwajin ɗakin bincike da ke neman p24 tare da sinadaran kariya, wanda ake yi da jinin da aka ɗiba daga jijiya, yakan gano ta tsakanin kwana 18 zuwa 45. Gwajin da ke neman sinadaran kariya kaɗai, wato yawancin tsinkayen nan-take da na gwada kai a gida, yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90. Wannan tazara ita ce za a iya kira kwanakin ɓuya. Daga nan ne shawarar nan ta "a dawo bayan wata uku" ta samo asali.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, takardar da aka rubuta yau tana ba da cikakkiyar shaida ne a kan halin da mutum yake ciki wata uku da suka wuce. Abin da ya faru makon jiya ba ya cikin takardar.

Zazzaɓin da ake ɗauka na sauro ne

Abin da ya sa kwanakin ɓuya suka fi haɗari shi ne, a cikinsu ne ƙwayar take kai ƙololuwar yawanta. Kafin garkuwar jiki ta fara mayar da martani, ana iya samun miliyoyin ƙwayoyi a cikin mililita ɗaya ta jini. Binciken da aka yi a kan ma'aurata a yankin Rakai na ƙasar Yuganda, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna cewa yaɗuwar cutar daga miji zuwa mata ko daga mata zuwa miji ta fi yawa a watannin farko na kamuwa fiye da shekarun da ke biyo baya.

Mutane da yawa sukan ji alamu a mako na biyu zuwa na huɗu: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, ciwon gaɓoɓi, kasala, ƙuraje a jiki, kumburin kaluluwa, wani lokaci da gudawa. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san sunan da ake ba irin wannan ciwo. Maleriya ce, in ta ƙi jin magani kuma taifot ce. Mai ciwon zai tsaya a kemis ya sayi magani, bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓin ya sauka da kansa, sai a yaba wa maganin. A Yuganda da Mozambik da Kenya, masu bincike sun gwada jinin manya da suka zo asibiti da zazzaɓin da ake zargin na sauro ne, suka tarar wani ƙaramin kaso daga cikinsu sabon kamun HIV ne ke damunsu. Wannan ba ya nufin kowane zazzaɓi abin tsoro ne. Zazzaɓin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne wanda ya zo makonni kaɗan bayan saduwa ba tare da kariya ba, ko bayan ƙarin jini, ko amfani da allurar da wani ya yi amfani da ita, musamman idan gwajin maleriya ya nuna babu.

Abin da aka gano a Jos da Abuja

Jos tana da tsohon tarihi a binciken wannan cuta. A 1994 Farfesa Alash'le Abimiku da abokan aikinta suka wallafa bayanin nau'in HIV da ake kira G daga samfuran jinin Najeriya, a lokacin da yawancin abin da duniya ta sani game da ƙwayar ya fito ne daga nau'in B na Turai da Amurka. Daga baya aka kafa cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta Jihar Filato, wato PLASVIREC, kuma shirin APIN, wanda ya fara a 2000 da haɗin gwiwar Jami'ar Harvard, ya mayar da asibitin koyarwa na Jos ɗaya daga cikin manyan wuraren kula da masu HIV a ƙasar.

A kan wannan tushe ne aka gudanar da wani bincike mai suna REACH a Jos da Abuja, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2012 a mujallar Journal of Infectious Diseases. Cikin marubutansa akwai Farfesa Abimiku da Farfesa Abdulsalami Nasidi. Manufarsa ita ce farautar waɗanda suka kamu amma tsinken nan-take bai kai ga ganinsu ba. Da yake gwajin ƙwayar halittar cutar yana da tsada, sai masu binciken suka bi wata dabara: a haɗa ɗan jinin mutane da yawa wuri ɗaya a gwada sau ɗaya, idan babu, an wanke su gaba ɗaya, idan akwai, sai a warware haɗin a bi su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai ita.

Daga cikin mutum 28,655 da aka tantance, an samu 16 da ke cikin sabon kamu. Wato kusan mutum ɗaya a cikin kowane 1,800, kuma wannan a tsakanin rukunonin da aka zaɓa saboda sun fi fuskantar haɗari. Adadin ƙanƙani ne, kuma ya kamata a faɗi haka a fili: tsinken nan-take abin dogaro ne, kuma ba don shi ba da miliyoyin 'yan Najeriya ba su san matsayinsu ba. Sai dai irin waɗannan mutum 16 su ne tsarin yau da kullum zai sallama da takardar "babu". Binciken ya kuma auna cewa daga lokacin da ƙwayar ta kai ƙololuwa zuwa lokacin da ta lafa, ana ɗaukar kimanin kwana 76. Wata biyu da rabi ke nan na jini mai cike da ƙwayar cuta, a jikin mutumin da wataƙila aka gaya masa lafiyarsa ƙalau.

Akwai wani abu a sakamakon da ya cancanci a lura da shi. Bakwai daga cikin 16 ɗin suna ɗauke da nau'in CRF02_AG, shida kuma nau'in G. Waɗannan su ne nau'o'in da suka fi yawa a Najeriya, kuma tsinkayen da ake amfani da su suna gane su sarai da zarar sinadaran kariya sun fito. Ke nan abin da ya ɓoye su lokaci ne, ba wata baƙuwar ƙwaya ba.

Batun baƙin nau'o'i

Jita-jitar cewa akwai wata HIV "da ba ta fitowa a gwaji" tana da ɗan tushe a tarihi, amma tarihin ya tsufa. An ƙera gwajin farko, wanda Amurka ta amince da shi a watan Maris na 1985, bisa nau'in da ke yawo a ƙasashen Yamma. A 1986 aka tabbatar da wata ƙwaya ta biyu, HIV-2, a jinin marasa lafiya 'yan Afirka ta Yamma, aka ga cewa gwajin farko ba ya kama ta a kowane lokaci. A 1994 kuma likitoci a Faransa suka ba da rahoton cewa wasu gwaje-gwajen da ake sayarwa sun kasa gane masu ɗauke da wani rukuni da ake kira O, wanda cibiyarsa ƙasar Kamaru ce da maƙwabtanta. Daga baya aka gano rukunin N a 1998 da rukunin P a 2009, dukansu masu alaƙa da Kamaru, kuma dukansu ba su da yawa ko kaɗan.

Da yake Najeriya ta yi doguwar iyaka da Kamaru, daga Borno har Kuros Riba, batun ya shafe ta. Amma kamfanoni sun sake fasalin gwaje-gwajensu tun shekarun 1990, kuma rubutun "HIV-1/2" da ake gani a jikin tsinke yana nufin yana neman ƙwayoyin biyu. Tsarin da Najeriya ta daɗe tana bi shi ne a fara da Determine, a tabbatar da Uni-Gold, idan suka saɓa a raba gardama da Stat-Pak. Rukunin O ɗan ƙaramin kaso ne ko a Kamaru. Ga mazaunin Gada Biyu, yiwuwar ya yi gwaji da wuri ta fi yiwuwar ya gamu da baƙon nau'i nesa ba kusa ba.

Kuskuren hannu ma ya fi baƙon nau'i yawa. Tsinken da wa'adinsa ya ƙare, ko wanda aka ajiye a zafin da ya wuce digiri 30, ko wanda aka karanta kafin lokacinsa ya cika, ko aka ɗiga masa jini ƙasa da ƙima, duk zai iya yaudara. Sanyin Jos yana taimakawa wajen ajiya, amma kaya sukan kwana a mota a garuruwan da ba su da wannan gata kafin su iso.

Inda abin ya fi tsanani: ƙarin jini

Wanda aka gwada a cikin kwanakin ɓuya zai iya dawowa a sake gwada shi. Ledar jinin da aka riga aka ƙara wa mai naƙuda ko yaro mai sikila ba ta dawowa. Kuma ƙarin jini mai ɗauke da HIV kusan kullum yana harbin wanda aka ƙara wa.

Jos ce mazaunin cibiyar shiyyar Arewa ta Tsakiya ta hukumar kula da jini ta ƙasa, inda ake tantance jinin masu bayarwa da gwajin ELISA na ɗakin bincike domin neman HIV da ciwon hanta nau'in B da C da kuma tunjere. Amma jini mai yawa a Najeriya ba ta wannan hanya yake bi ba. Ana ɗibarsa ne a asibiti lokacin da buƙata ta taso, daga ɗan'uwa ko aboki, ko daga wanda aka biya ya zo a matsayin ɗan'uwa, a gwada da tsinken nan-take a ɗaura. Mutanen wannan yanki sun san yadda buƙatar jini take zuwa babu sallama. Bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 a Kabong da Unguwar Rukuba sun cika asibitocin garin cikin dare ɗaya. A irin wannan hali, jinin da aka tara aka tantance tun kafin a buƙace shi ne kawai mafita.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 a mujallar Nigerian Journal of Medicine ya kwatanta hanyoyin biyu a kan masu ba da jini 440 a wani asibiti na shiyyar Arewa ta Tsakiya. Tsinken nan-take ya kama 16, gwajin ELISA mai neman p24 da sinadaran kariya ya kama 41. Bai kamata a ɗauka cewa duka bambancin na masu sabon kamu ba ne, domin ELISA ma yakan yi ƙararrawar ƙarya, kuma sai an bi da gwajin tabbatarwa ake sanin gaskiya. Duk da haka, a harkar jini ƙararrawar ƙarya asarar leda ɗaya ce, shirun ƙarya kuwa asarar lafiyar mutum ce har ƙarshen rayuwarsa. Afirka ta Kudu ta fara gwada kowace ledar jini da gwajin ƙwayar halittar cutar tun 2005, abin da ya rage kwanakin ɓuya zuwa 'yan kwanaki. Tsadar na'urori da wutar lantarki sun sa wannan bai zama ruwan dare a Najeriya ba.

Saboda haka tambayoyin da ake yi wa mai ba da jini kafin a ɗiba su ne shingen farko, ba cika takarda ba ne kawai. Wanda ya san ya yi wata mu'amala mai haɗari a watannin baya-bayan nan, taimakon da zai yi wa ɗan'uwansa shi ne ya janye, ko da kuwa dangi za su yi masa kallon marowaci. Haka kuma mummunar dabara ce mutum ya je ba da jini domin ya san matsayinsa a fakaice, don wanda ke cikin damuwa kan abin da ya faru kwanan nan shi ne daidai wanda gwajin zai iya tsallakewa.

Aure da juna biyu

Majami'u da yawa a Jos sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma al'adar ta bazu a tsakanin Musulmi. A Kano ma ta zama doka a watan Mayu na 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure. Matsalar ita ce yadda ake barin gwajin sai an sa rana, an raba katin gayyata, saura mako ɗaya ko biyu. Gwaji ɗaya a irin wannan lokaci yana wanke shekarun baya, amma ba ya cewa komai game da watanni ukun ƙarshe. Abin da ya fi inganci shi ne gwaji biyu, ɗaya tun farkon magana, ɗaya dab da biki, da tazarar wata uku a tsakani, kuma su biyun su je tare su ji sakamako daga bakin ma'aikacin lafiya maimakon kowa ya kawo takarda daga inda ya ga dama.

A auren zawarawa akwai wani abin lura. Macen da ta gama idda, ko ta saki ko ta takaba, ta riga ta shafe kusan tsawon kwanakin ɓuya ko fiye, don haka gwajin da aka yi mata bayan nan yana da ƙarfi. Namiji ba ya idda. Shi ne ya fi buƙatar a lissafa masa kwanaki, musamman idan akwai uwargida a gida wadda duk abin da ya shigo zai iske ta.

Ga mai juna biyu, gwajin ranar fara awo bai wadatar ba. Idan ta kamu a tsakiyar ciki ko lokacin shayarwa, yawan ƙwayar a jininta da nononta yana sa haɗarin harbin jariri ya ƙaru ƙwarai, alhali katinta na awo yana ɗauke da "babu". Shi ya sa ake so a sake gwaji a watannin ƙarshe ko lokacin naƙuda, a kuma gwada maigida. Jarirai kuwa matsalarsu ta juya ce: suna gadon sinadaran kariya na uwa ta mabiyiya, waɗanda za su iya zama a jininsu har wata 18, don haka tsinke zai iya nuna akwai ga jaririn da ba shi da komai. Ana gwada su ne da PCR, yawanci a mako na shida, da ɗigon jinin da aka busar a kan takarda ta musamman, a kuma sake bayan yaye.

"Babu" a hannun mai shan magani

Akwai wata "babu" da ta fi sauran ruɗarwa. Wanda ya fara shan maganin HIV da wuri, ko ya daɗe yana sha ba fashi, ƙwayar takan ragu har garkuwar jiki ta sassauta ƙera sinadaran kariya. Idan irin wannan mutum ya sake gwada kansa, musamman da tsinken da ake gogawa a dasashi, zai iya ganin layi ɗaya. Ƙwayar tana nan kwance a cikin ƙwayoyin jikinsa, tana jiran ranar da za a daina magani. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shan magani kada su yi amfani da kayan gwada kai.

Labarin wata jaririya a jihar Mississippi ta Amurka ya nuna zurfin wannan ɓuya. An fara ba ta magani kimanin sa'a 30 bayan haihuwarta a 2010, daga baya aka daina, ta shafe fiye da shekara biyu ba a ganin ƙwayar a jininta. A 2013 duniya ta ɗauka an warkar da ita. A 2014 ƙwayar ta dawo.

Wannan ita ce ƙofar da masu iƙirarin warkarwa suke shiga. Mai haƙuri yana shan maganin asibiti yana kuma karɓar na mai magani ko na gidan addu'a, sai a tura shi gwaji, a samu layi ɗaya ko a ce "ba a ga ƙwayar ba" a gwajin auna yawanta, sai a yi shelar waraka a umarce shi ya zubar da ƙwayoyinsa. A Gambiya, shugaban ƙasa na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da cutar a 2007, ya sa masu ita suka bar maganin asibiti, kuma wasunsu sun rasu. Rashin ganin ƙwayar a gwajin auna yawanta nasara ce ta gaske, domin wanda ya kai wannan matsayi ya kuma dawwama a kansa ba ya harbin abokin zamansa ta hanyar saduwa. Amma nasarar ta maganin ce, kuma tana tafiya idan aka ajiye shi. Masu shan maganin rigakafi kafin haɗari, wato PrEP, su ma idan aka yi rashin sa'a suka kamu, maganin zai iya jinkirta fitowar sinadaran kariya, shi ya sa ake gwada su a kai a kai.

Waɗanda jikinsu ba ya amsawa sam

Saura rukuni na ƙarshe, wanda ya fi kowanne ƙaranci: mutanen da suka daɗe da cutar amma jikinsu bai taɓa ƙera sinadaran kariya da gwaji zai gani ba. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara rahotannin likitocin duniya, bai samu irin waɗannan da suka kai 30 ba. Yawancinsu sun zo asibiti ne cikin matsanancin ciwo, garkuwarsu ta rushe da sauri, jininsu cike da ƙwayar. Darasin na likitoci ne: idan majiyyaci yana rama, yana fama da tarin fuka ko farin ƙurajen baki ko wasu cututtukan da ke bin raunin garkuwa, tsinke kuma ya ce babu, sai a tura jininsa gwajin PCR. Na'urorin da ke auna yawan ƙwayar ga masu shan magani a manyan cibiyoyin Jos suna iya wannan aiki.

Darasin ba na mai lafiya ba ne da tsoro ya hana shi barci. Ma'aikatan ba da shawara sun san irin mutumin da ke yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, wata shida, shekara guda, yana neman wanda zai ce masa akwai. Wanda ya yi gwaji bayan kwana 90 daga ranar haɗari na ƙarshe, ba ya shan maganin HIV ko na rigakafinta, aka ce babu, to babu ɗin ce.

Ranar da za a fara ƙirga

Ƙididdigar ƙasa ta 2018, wadda aka fi sani da NAIIS, ta nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 a lokacin idan aka haɗa da yara da tsofaffi, kuma shiyyar Arewa ta Tsakiya tana sama da matsakaicin ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa ratsa kwanakin ɓuya, yawanci ba tare da ya sani ba.

Abin da ma'aikacin lafiya yake buƙata daga mai neman gwaji shi ne rana: yaushe abin ya faru. Idan bai wuce sa'a 72 ba, kamar wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin jinya da allura ta soke shi, ko wanda kwaroron roba ya fashe masa, ba a jiran sakamakon kwanakin ɓuya. Akwai maganin kariya bayan haɗari, wato PEP, da ake sha na kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Gwajin da ake yi a ranar yana tabbatar da cewa mutum bai riga ya kamu ba tun da can, sai a sake wani bayan an gama maganin. Idan an wuce kwana uku amma ba a kai wata uku ba, za a iya yin gwajin nan-take a matsayin mafari, a rubuta ranar dawowa, a kuma yi amfani da kwaroron roba ko a ƙaurace wa saduwa, a guji ba da jini har zuwa ranar. Wanda ke da zazzaɓi ko ƙuraje a wannan tsakani ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, ya nemi gwajin ɗakin bincike mai neman p24 ko na PCR.

Kunya ce takan sa mutane ɓoye ranar, ko su ce "da daɗewa" alhali makon jiya ne. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta wajabta sirranta bayanin wanda aka gwada, ta kuma haramta tilasta gwaji a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki.